Dutsen Wata a Bayan Gilashi: Me Yake Koya wa Mai Kallo?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ina ganin hotunan gidajen tarihi na ƙasashen waje inda ake nuna duwatsun da aka ce an ɗebo daga duniyar wata, da kumbunan 'yan sama jannati. Shin duwatsun na gaske ne? Kallon irin waɗannan kaya yana ƙara ilimi, ko kuwa shan kallo ne kawai? Mu da ba mu da dutsen wata, idan muna son shirya namu baje kolin domin ɗalibai da iyayensu, daga ina za mu fara?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Duwatsun da ke manyan gidajen tarihi na gaske ne, ko da yake an taɓa samun na jabu, kuma zan zo kan wannan. Batun ko suna ilimantarwa kuwa, abin da na fahimta a wannan aiki shi ne, dutse ko kumbo yana sa mutum ya tsaya ne, daga nan aikinsa ya ƙare. Abin da ke ƙara wa mutumin sani shi ne tambayar da mai shirya baje kolin ya rataya wa abin, da hujjar da ya nuna ta yadda masana suka kai ga amsarta. Inda aka rasa waɗannan biyu, mutum zai shiga, ya ɗauki hoto, ya fita da abin da ya shigo da shi a ka. Shi ya sa nake ganin rashin dutsen wata bai isa ya hana ku farawa ba.

Mu fara da asalin duwatsun. Tsakanin Yulin 1969 da Disambar 1972, kumbunan Apollo na Amurka sun sauka a wata sau shida, mutum 12 suka taka shi, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilogiram 382. Tarayyar Sobiyet ta aika kumbuna uku marasa matuƙi, wato Luna 16 da Luna 20 da Luna 24, tsakanin 1970 da 1976, suka kawo kimanin giram 300. Daga baya ƙasar Sin ta biyo sahu: Chang'e 5 ya kawo giram 1,731 a Disambar 2020, Chang'e 6 kuma ya kawo giram 1,935 a Yunin 2024 daga bayan wata, gefen da ba ya taɓa fuskantarmu. Mafi yawan kayan Apollo suna ajiye a cibiyar Johnson ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke Houston, cikin akwatunan da aka cika da iskar naitirojin, saboda danshi da iskar da muke shaƙa suna sauya su. Har akwai bututun ƙasar da aka toshe tun a can wata a 1972, ba a buɗe shi ba sai a 2022, da gangan, domin a jira na'urorin da suka fi na wancan zamani. Abin da ake fitarwa don jama'a su gani ɗan kaɗan ne, kuma aro ake bayar da shi, har da wasu faya-fayan roba mai garai-garai masu ɗauke da samfuri shida-shida, waɗanda ake ara wa malaman makaranta a Amurka bayan an ba su horo kan yadda za su tsare su.

Mafi shahara a cikin waɗanda ake nunawa shi ne na gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na Smithsonian a Washinton, wanda ake barin kowa ya taɓa tun lokacin da aka buɗe ginin a 1976. Ɗan yanki ne mai kusurwa uku, baƙi, bai kai tafin hannun yaro ba, an kafe shi ta yadda yatsa kawai ke kaiwa gare shi, kuma yawan shafa ya sa ya yi sumul. An yanko shi daga dutse mai lamba 70215 da Apollo 17 ya kawo daga kwarin Taurus-Littrow. Duk wanda ya tsaya kusa ya lura da masu layi zai ga abu ɗaya: mutum ya miƙa yatsa, ya taɓa, ya duba yatsan, ya wuce, wani ma da alamar cewa abin bai kai yadda ya zata ba. Gaskiyarsa ce, domin a ido babu abin da ya raba shi da tsakuwar bakin hanya.

Sai dai a ce an ɗora masa tambaya: me ya sa fuskar wata take da wurare masu duhu da wurare masu haske? Wannan abu ne da kowa ya gani da idonsa tun yana yaro. Dutsen da ake taɓawa daga wuri mai duhu ya fito. Irin dutsen nan ne da ke samuwa idan narkakken dutse ya malalo ya daskare, wanda masana ke kira basalt, kuma shekarunsa sun kai kimanin biliyan 3.8. Ke nan duhun da muke gani filaye ne da narkakken dutse ya cika bayan manyan duwatsu daga sararin samaniya sun fasa ɓawon wata. Wurare masu haske kuwa tsaunuka ne na wani farin dutse mai suna anotosait, wanda wasu samfuransa suka kai kusan shekara biliyan 4.4. Tun a 1970 masu bincike suka tsinci 'yan fararen ƙwayoyinsa a cikin ƙasar da Apollo 11 ya kawo, suka yi tunanin cewa tun farko saman wata gaba ɗaya tekun narkakken dutse ne, da ya fara hucewa sai ma'adinai marasa nauyi suka taso sama suka zama farin ɓawo, masu nauyi suka nitse. Idan aka ajiye baƙin dutse da fari gefe da gefe, aka sa hoton wata a bayansu da kibiya mai nuna inda kowanne ya fito, mai kallo zai fita da abin da zai iya tabbatarwa da kansa a daren sha huɗu ga wata. A nan ne ya kamata a kawo bayanin da ya fi karɓuwa kan asalin wata, cewa wata duniya mai girman Mars ta yi karo da tamu kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, tarkacen suka haɗu suka zama wata. Amma a rubuta shi a matsayin bayanin da ya fi rinjaye, wanda har yanzu ake muhawara kan sassansa, domin mai shirya nuni da ya gabatar da komai tamkar an gama magana a kai yana koya wa yara cewa kimiyya hadda ce.

Za ka sha tambaya daga iyaye da ɗalibai cewa anya ma an je watan? Ina ba ka shawara kada ka ɗauki wannan a matsayin raini ko jahilci, domin ita ce tambayar da ta fi kowace buɗe ƙofar nuna hujja. Duwatsun wata suna ɗauke da ƙananan ramuka masu leɓen gilashi, waɗanda ƙura mai tsananin gudu ta huda, abin da ba ya faruwa a nan saboda iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana ƙone irin wannan ƙura tun daga sama. Ba su da yumɓu da sauran ma'adinan da ruwa ke haifarwa, waɗanda da wuya a rasa su a tsohon dutsen duniya. Samfuran da Sobiyet ta ɗebo da kanta, a lokacin da take gasa mai zafi da Amurka, sun dace da na Apollo. Sannan Apollo 11 da 14 da 15 sun bar madubai a can, waɗanda har yau ake harba musu hasken leza daga ƙasashe daban-daban, ya je ya dawo cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi, kuma da haka aka gano wata yana nesanta da mu da kimanin santimita 3.8 kowace shekara. Kumbon LRO mai zagaya wata, wanda aka harba a 2009, ya ɗauki hotunan wuraren saukar, ana ganin ƙasan kumbunan da aka bari da sawun tafiya. Allo ɗaya mai ɗauke da waɗannan ya fi allo goma na sunayen 'yan sama jannati amfani.

Maganar jabu kuma tana da nata darasi. Gwamnatin Amurka ta raba wa ƙasashe 135, har da Najeriya, kyautar ɗan abin da aka kawo daga wata sau biyu: na Apollo 11 ƙwayoyi huɗu ne ƙanana ƙwarai masu nauyin kimanin miligiram 50 gaba ɗaya, na Apollo 17 kuma ɗan gutsure mai nauyin giram ɗaya da ɗoriya daga dutse mai lamba 70017, kowanne cikin ƙwallon roba a kan allon katako tare da tutar ƙasar. Da yawa daga cikin waɗannan kyaututtuka ba a san inda suke ba a yau. Na ƙasar Honduras sai a 1998 jami'an Amurka suka kama shi a hannun mai neman sayarwa. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2009 gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam ya gano cewa abin da yake riƙe da shi a matsayin dutsen wata, wanda ya fito daga kayan wani tsohon firaministan Holan, itace ne da ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Abin da ke tabbatar da samfuri shi ne lambarsa da takardun da ke nuna hannun da ya bi tun daga inda aka ɗauke shi, sannan gwajin ɗakin bincike. Duk wanda ya zo muku da dutsen wata na sayarwa, ku sallame shi.

Kumbuna da rigunan 'yan sama jannati su ne suka fi jan jama'a, kuma ba na raina su. Columbia, ɗakin da ya dawo da mutum ukun Apollo 11, yana Smithsonian, faɗin gindinsa bai kai mita huɗu ba, kuma ƙunar da ke ƙasansa ta isa a yi bayanin abin da ke faruwa idan abu ya shigo iskar duniya da gudun kilomita 11 a daƙiƙa. Matsalarsu ita ce suna cinye hankali, har mutum ya fita yana ganin tafiyar ita ce labarin, ya manta da abin da aka je nema. Ku da ba ku da su, babu wannan haɗari a kanku.

Inda nake so ka fi ba da ƙarfi shi ne girma da nisa, domin a nan ne zanen littattafan makaranta ya fi ɓatar da mutane. Zanen yakan jera duniyoyi takwas kusa da juna a shafi ɗaya, wata kuma manne da duniya, yaro ya tashi da wannan hoto har girmansa. Gyaran ba ya cin kuɗi. Ka ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin duniyarmu. A wannan ma'auni wata zai zama santimita 6, wato ƙaramin lemo. Ka ba wani ɗalibi lemon, ka ce ya tsaya inda yake ganin wata yake. Kusan kowa yakan tsaya taku ɗaya ko biyu daga ƙwallon. Sai ka miƙa igiya ka kai shi wurin da ya dace, mita shida da rabi da ɗoriya, domin nisan kilomita 384,400 ya isa a jera duniyarmu sau 30 a tsakani. Daga nan ka tambaye su ina tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a sama. Ba ta kai santimita ɗaya daga fatar ƙwallon ba. A wannan lokaci ne yara kan yi shiru, su gane bambancin zagaya duniya da zuwa wata, su kuma gane dalilin da ya sa tafiyar ke cin kwana uku. A ma'aunin nan dai, rana za ta zama ƙwallo mai faɗin mita 24 a nisan kilomita biyu da rabi, Mars kuma, ko a lokacin da ya fi matsowa, yana kusan kilomita ɗaya daga inda kuke tsaye.

Domin a nuna dukan duniyoyin da ke zagaya rana sai an ƙara matse ma'aunin. A Washinton akwai wani nuni a gefen titi mai suna Voyage, da aka kafa a 2001, inda aka rage komai sau biliyan 10. Rana ta zama santimita 14, duniyarmu milimita ɗaya da ɗan kai a nisan mita 15, Jupita santimita ɗaya da rabi ba kaɗan a mita 78, Neptune a mita 450, Pluto kusan mita 600. Mai tafiya yana wuce duniyoyi huɗu na farko cikin 'yan taku, sannan ya yi ta tafiya babu komai, kuma wannan tafiyar ta babu komai ita ce darasin. Tauraro mafi kusa da rana, a wannan ma'auni, yana nisan kimanin kilomita 4,000, fiye da tsakanin Kano da Makka. Suwidin ta yi nata a faɗin ƙasar baki ɗaya, inda wani katafaren gini mai siffar ƙwallo a Stockholm, mai faɗin mita 110, ya zama rana, Pluto kuma yana kimanin kilomita 300 arewa da shi. Ku kuwa bangon makaranta ko miƙaƙƙiyar hanya mai rabin kilomita ta ishe ku, da turaku tara da ƙananan alluna.

Abu na biyu da ya cancanci ɗaki guda shi ne sauyin kamannin wata, kuma a nan kuna da abin da gidajen tarihin Turai ba su da shi, wato jama'ar da ke bin lissafin wata da gaske, suna jiran sanarwar ganinsa domin azumi da salla. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna zaton inuwar duniya ce ke rufe sashen wata idan yana jinjiri. A ɗaki mai duhu, ka kunna ƙwan lantarki ɗaya mara murfi a matsayin rana, ka ba mutum farin ƙwallo a kan tsinke ya miƙa hannu, kansa ya zama duniya, ya juya a hankali. Zai ga jinjiri, ya ga rabi, ya ga cikakke, ba tare da inuwar kansa ta taɓa ƙwallon ba. Idan inuwar kan nasa ta faɗa wa ƙwallon, to husufin wata ke nan, kuma zai gane da kansa cewa ba ya yiwuwa sai a tsakiyar wata, kamar yadda husufin rana ba ya yiwuwa sai a ƙarshensa. Ba ya faruwa kowane wata saboda hanyar wata ta karkace da kimanin digiri 5. Daga haihuwar wata zuwa ta gaba kwana 29 da rabi ne a matsakaici, dalilin da ya sa wata kan yi 29 ko 30 ke nan, kuma jinjirin da bai kai kimanin sa'o'i 15 da haihuwa ba da wuya ido ya gan shi. Wannan bayani ne na yadda abin yake gudana; hukuncin tsayuwar wata yana hannun malamai da hukumar da aka ɗora wa alhakin, kuma ya kyautu allonku ya faɗi haka a fili. Iyayen da suka ga rana ta yi duhu a Gusau da Katsina da Maraɗi ranar 29 ga Maris, 2006, za su so wannan ɗaki fiye da 'ya'yansu.

Ramukan wata ma ana iya kawo su kan tebur. Ka cika faranti mai zurfi da fulawa, ka barbaɗa garin gawayi a sama, ka saki tsakuwa daga tsayi daban-daban. Farin gari zai fantsamo bisa baƙi, irin zaren hasken da ake gani kewaye da ramin Tycho na kan wata mai faɗin kilomita 85. Kada a tsaya a wasan kawai. Ka sa su yi ta jifan rabin farantin, su bar ɗaya rabin da jifa biyu ko uku, sannan ka kira wanda bai ga lokacin da aka yi ba ka tambaye shi wane gefe ne ya fi daɗewa a buɗe. Da wannan dabara ta ƙirga ramuka ake kimanta shekarun filayen Mars da Mercury, kuma duwatsun Apollo da Luna ne suka ba ta ma'auni, tunda an san shekarunsu an kuma san yawan ramukan inda aka ɗebo su. Basalt ɗin da Chang'e 5 ya kawo, mai shekara biliyan 2, ya cike wani babban giɓi a wannan ma'auni. Mai son ganin irin wannan rami a yankinmu, tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Gana rami ne da dutse daga sama ya haƙa kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Ana iya ƙara gwangwanaye masu kama ɗaya da aka zuba wa yashi, ɗaya kilogiram 6 na duniya, ɗaya kilogiram 1 na wata, ɗaya 2.3 na Mars, mutum ya ɗaga ya ji da hannunsa yadda nauyin abu guda ke sauyawa daga wannan duniya zuwa waccan.

Idan kuɗinku ya isa sayen abu ɗaya tak, ku sayi ƙaramin madubin hangen nesa mai ƙafafu masu ƙarfi. Ku sa ranar kallo tsakanin 6 da 9 ga wata, lokacin da inuwa ke fito da tsaunuka da ramuka a kan iyakar haske da duhu, domin cikakken wata yana kashe ido kuma ba ya nuna zurfi. Ku guji kwanakin da hazo ya yi kauri. Da wannan madubi za a ga manyan watannin Jupita huɗu da Galileo ya gani a 1610, da zoben Saturn, da Zara matar wata, wadda mutane kan yi mamakin ganin ita ma tana yin jinjiri da rabi, abin da ke nuna duniya ce mai zagaya rana. Kada a taɓa juya shi ga rana ba tare da matacin da aka yi domin haka ba, saboda yana makantarwa nan take.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kuna da abin farawa fiye da yadda kake zato. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilogiram 18 ya faɗo kusa da dutsen Zagami a lardin Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke gonarsa, ya nitse fiye da rabin mita a ƙasa. An kai shi ofishin binciken ma'adinai a Kaduna. Daga duniyar Mars ya fito. Yadda aka san haka shi ne irin labarin da baje koli ke bukata. A 1976 kumbunan Viking biyu suka sauka a Mars suka auna abin da iskarsa ta ƙunsa. A 1983 aka sami iska maƙale cikin ɗigon gilashi a wani dutse da aka tsinta a Antatika, ta dace da awon Viking, a 1995 kuma aka sami irinta a cikin Zagami. Dutsen ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wani karo ya cillo shi daga Mars kimanin shekara miliyan 3 baya, ya yi ta yawo har ya faɗo a ƙasar Katsina. An yanyanka shi, gutsattsarinsa sun bazu a gidajen tarihi da ɗakunan bincike na duniya, har an maƙala ɗan ƙwayarsa a kumbon Mars Global Surveyor da aka harba a 1996. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Amurka ya san sunan Zagami, na Funtuwa bai taɓa ji ba. Ko da hoto da taswira kawai, wannan allo shi ya kamata ya tari mai shigowa daga ƙofa.

Shekaru da dama Zagami ne dunƙulen dutsen Mars mafi girma da aka sani, sai da aka tsinci wani a yankin Agadas na Nijar a Nuwambar 2023, mai nauyin kusan kilogiram 25, aka ba shi lamba NWA 16788. An yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan kimanin dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Wannan ma abin tattaunawa ne da manyan ɗalibai: wa ya mallaki abin da ya faɗo daga sama, kuma ina ya fi dacewa ya zauna?

Game da alluna, ku rubuta da Hausa, gajeru, kowanne ya fara da tambaya. Hotunan NASA galibi ana iya amfani da su kyauta domin ilimi, amma ku rubuta a ƙarƙashin kowanne ko hoto ne na gaske, ko an ƙara masa launi don fito da bambancin ma'adinai, ko kuwa zanen mai zane ne, domin jama'a ba sa rarrabewa kuma ba laifinsu ba ne. Ku horar da ɗalibai su tsaya a kowane tebur, ku koya musu cewa su fara barin baƙo ya yi hasashe kafin su ba shi amsa, su kuma saba da cewa za su bincika idan an tambaye su abin da ya fi ƙarfinsu.

Ka kuma shirya wa abin da zai biyo baya, domin da zarar an ji labarin Zagami da kuɗin dutsen Agadas, mutane za su fara kawo muku duwatsu. Mafi yawansu za su kasance marmara ce, ko kashin maƙera, ko gatarin aradu, wanda a gaskiya makamin dutse ne da mutanen dā suka sassaƙa. Dutsen da ya faɗo daga sama yakan zo da siririn ɓawo baƙi da zafin shigowa ya narkar, yakan fi tsakuwar da ta kai girmansa nauyi, ba ya da kofofi irin na kashin maƙera, kuma galibinsu mayen ƙarfe yana kama su, ko da yake na Mars da na wata kusan ba ya kama su. Waɗannan alamu ba sa yanke hukunci. Abin da za ku gaya wa mai dutse shi ne kada ya wanke shi, kada ya fasa shi, ya rubuta wuri da ranar da ya same shi, ya ɗauki hoton wurin, sannan a kai shi sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa ko hukumar binciken ma'adinai. Ba a ba dutse suna a hukumance sai kwamitin ƙungiyar masana irin waɗannan duwatsu ta duniya ya amince da sakamakon gwajin, kuma sharaɗinsu ne a ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiyar da aka yarda da ita domin masu bincike su riƙa samunsa.